Takardar da Ta Fi Ni Lafiya

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. Ni ko sunana aka tambaya sai na dubi ƙasa, karatun lakwal ɗin ma aji uku na yi. Amma abin ya tsaya mini a wuya.

Jiya tun hantsi na shiga layi a wani ofis a Magariya, neman takardar lafiya. Gwaggo Shatu, ƙanwar babana da ke aure a Kano, ta samo mini aikin reno a gidan wata malama, matar kuma ta ce sai da takarda. Mun kai mu talatin, duk masu ƙetare iyaka. Sai bayan azahar Mai Girma Sarkin Hatimi ya iso, yana sakace.

Allah ya ja zamaninsa, gwani ne. Ba ya taɓa mutum, ba ya ma dubansa. Takardun duka an riga an rubuta musu "lafiya lau", suna kawai ake cikawa. Wani tsoho a gabana yana tari kamar zai amayar da huhu, shi ma ya samu tasa.

Da aka zo kaina na ce a hankali, "Mushe, ranka ya daɗe, ina da ciwon hanta."

Gaskiya ce. Shawara ta kwantar da ni sau biyu, har lokotoro a asibitin Damagaram ya ɗebi jinina, ya ce ciwon ya zauna ke nan. Ya hana ni haɗa reza ko allura da kowa, ya hana ni tauna wa yaro abinci.

Mai Girma ya ce takardar marasa lafiya ba ta iso daga sama ba, shekara biyu ana jira. Ya buga hatimi, ya kira na bayana.

A gida maƙwabciyarmu Huraira ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce, "Ke Turai, manya sun ce lafiyarki lau. Ke wace ce da za ki ƙaryata su?" Ta ce in cika kwalli kada a ga rawayar idona, in rufe baki, a Kano wa ya san ni?

Na ce, "Yaya Huraira, yaron watansa takwas. Ran da uwar ta miƙo tsoka ta ce in tauna masa fa?"

Ta ce in ce azumi nake. Na ce har a yaye shi?

Ina son aikin nan, ba zan ɓoye muku ba. Bana ma geronmu bai kai rabin rumbu ba. Na kuma san da wuya malama ta ji kalmar hanta ba ta nemi wata ba.

Yau da safe na juya takardar, na rubuta a bayanta duk abin da lokotoro ya faɗa. Na ƙara da cewa in sun yarda in zo, zan zo. Na kai wa Labbo direba ya ba Gwaggo. Ya duba gaba, ya duba baya, ya tambaya wanne za a karanta.

Na ce bayan. Gaban na Mai Girma ne, shi ya san wadda yake nufi da "lafiya lau".