Simintin da Na Ɗura wa Kifin Laoban

Ba zan taɓa mantawa da kifin katakon nan ba, ko da kuwa zan manta hanyar gidanmu. A shekarar da aka yi gasar Olamfik a Beijing ne, ina garin Xintang ina jiran a gama ɗinka mini wandunan jins da zan aika Kano. Mai masana'antar, Laoban Wu (laoban shi ne maigida a bakinsu), ya ba ni ɗaki a saman wurin ɗinkin. Mutumin kirki ne, har tukunya daban ya saya mini don kada girkina ya haɗu da alade.

A tsakar gidan akwai wani ƙaton kifi da ya kai ƙirjina, an sassaƙa shi daga kututturen bishiya da zarton nan mai inji. Kullum da safe Laoban sai ya goge shi da tsumma kafin ya sha shayi. Ban taɓa tambayar dalili ba.

Da zai tafi kallon wasannin da iyalinsa, ya bar mini makulli. Ƙofa kawai aka ce in kula da ita. Amma ni karambani a jinina yake. Na zagaya bayan kifin, sai ga tsaga doguwa miƙaƙƙiya, daga wuya har wutsiya. Na ce madalla, ga hanyar rama alheri ta samu.

Na buga wa abokina Alhaji Isaka, mutumin Kumasi mai ofishin aika kaya a ginin 'yan kasuwa na Tianxiu. Ya ce, "Massa (haka mutanen Kumasi ke kiran aboki), ka bar wa mutane abinsu. Kai kafinta ne?" Na ce ai ni ke gyara turmin Hajiyarmu (sau ɗaya na taɓa, kuma washegari aka yi makamashi da shi).

Na kwaɓa siminti na ɗura wa tsagar har ta cika maƙil. Na bi kifin da baƙin mai saboda gara, yadda muke yi wa azara a gida. Kifin da yake kalar zuma ya koma kamar an tsamo shi a kwata, amma ni a idona ya yi kyau. Ruwan sama ya yi ta dukansa, rana ta biyo baya da zafinta. Daga ƙarshe na lulluɓe shi da tamfol don in yi wa Laoban bazata.

Ranar da suka dawo, na tara su a tsakar gida, har da tsohuwar mahaifiyarsa. Na yaye tamfol ɗin kamar gwamna ya zo buɗe asibiti. Fuskar kifin ta dare tun daga baki har ido, ɓari guda ya faɗo gaban tsohuwar. Ta durƙusa ta ɗauka, tana goge baƙin man da hannun rigarta.

Laoban ya zagaya bayan kifin. Can ya shafa simintin, ya ce da guntun Turancinsa, "Tsagar bayan nan ƙanena ne ya yanka ta da gangan, don itacen ya samu wurin motsi, kada gaban ya fashe. Ɗan man katako kawai yake so, da inuwa." Ashe ƙanen ya rasu, kuma kifin ne aikinsa na ƙarshe.

Na shiga ba da haƙuri da Hausa, da Turanci, da hannu. Ya ce, "Mei guanxi," wato ba komai. Wallahi da marina ya yi da na fi samun sauƙi.

Mun ci gaba da ciniki, bai taɓa tayar da maganar ba. Sun ɗaure kifin da ƙarfe, sun mayar da shi ƙarƙashin rumfa, fuskarsa na kallon bango. Tun daga nan, in na ga tsaga a kayan wani, hannuna nake fara turawa aljihu, sannan in tambayi wanda ya yi ta.