Ranar da Na Turara Kayan Jemage

Ba zan taɓa mantawa da hunturun da na yi kishi a kan wanki ba, ni da mutanen garinmu Hyattsville, a nan ƙasar Turawa, ke yi wa shaidar haƙuri.

'Yata Hafsat ta shiga aikin sa-kai na ceton jemagu. (E, jemage dai, wanda a gida muke kora da tsintsiya.) Wai wata fumfuna ce ke fito musu fari fat a hanci, ta hana su barcin sanyi a kogo, su rame su mutu. Jemagun ba su dame ni ba. Malamarta ce ta tsaya mini a rai, wata Baturiya mai furfura. Ana cin tuwo, "Dakta ta ce." Ana shara, "Dakta ta ce." Rannan kuma da gurguwar Hausarta ta ce, "Umma, kar ki taɓa kayana na kogo, Dakta ke wankewa."

Wankewa! Yarinyar da na wanke wa tsumman goyo? Na yi murmushi, amma raina ya sosu.

Wata Asabar na tsinci baƙar leda a but ɗin mota, an ƙulle ta tamau da jan kyalle. Na kwance, ashe kayan Hafsat ne na kogo, na wanke su da ruwan sanyi don kada su koɗe, na goge, na turara su da turaren wutan da yayata ta aiko mini daga Kano. Washegari na ci ado na bi su Hafsat garin Beltsville, inda suke loda mota za su wani kogon da cutar ba ta kai ba. Na ɗora kayan a kan tulin nasu masu tsabta, har da bubbugawa.

"Ni ce uwarta," na ce.

Hafsat ta dafe kai. "Umma! Daga kogon cuta suka fito! Sai an dafa su take mutuwa!"

Aka fasa tafiya, komai sai an sake dafawa. Na ce a raina shi ke nan, na jawo za a kori 'yata. Dakta ta matso a hankali, ta roƙi mayafina da takalmina, wai su ma sun kwashi cutar, ta zuba a leda, ta ƙulle da jan kyalle. Aka ba ni farar rigar takarda mai haɗe da wando. Haka na shiga mota, ga ɗan kunnen gwal, kamar buhun fulawa zai je biki.

Ba su kore ta ba. Dakta ma ta shinshina rigar Hafsat ta tambayi sunan turaren, kuma ita ta dafa mini mayafin da hannunta, ta aiko a ninke.

Na je ƙwato wankin 'yata, na dawo an wanke nawa. Tun ranar, in na ga abu a ƙulle sai na tambaya. Kishi ibadar jemage ne, kai a ƙasa ake yin sa.