Jakar Ceton Duniya ta Alhaji Kyari

Duk Damagaram babu wanda ya kai Alhaji Kyari son ƙasa, kuma shi da bakinsa ya fara shaida mana. Shekarar da ruwa ya ɗauke, gero ya bushe tun bai fitar da kai ba, wasu na neman abin sawa a baka, shi kuwa Allah ya ɗora masa babban nauyi: ceton duniya daga leda.

Kwana uku kacal ya yi a wani taro a Yamai, ya dawo da tabarau da kalma ɗaya ta Faransanci. Mutanen unguwar Birni suka laƙaba masa Uban Muhalli. Bai gane tsiya ce ba, ya sa aka rubuta a ƙofar kantinsa.

"Jama'a, anbironema!" in ji shi, wato muhalli. "Leda guba ce. Ga jakar kaba, ɗinkin gida, sai ka gaji da ita. Mai riƙe ta ya dasa itace ko bai taɓa gatari ba!"

Gatarin kuwa an taɓa. Ya tura masu sara zuwa garin Gaffati, suka aske kabar da ke tare rairayi a bakin gonaki, tas. Da aka saƙa jakunkunan sai ya ga launinsu bai yi kama da ceton duniya ba, ya sa aka rina su kore shar, da ruwan rijiyar da mata ke yini a layinta. Shi dai burinsa ɗaya: takardar yabon da wani furoje, wato shirin raya ƙasa, ya yi alkawarin bai wa gwanin kare muhalli. Har ƙusa ya riga ya kafa mata a bango.

Ranar da Madam Zainaba, shugabar furojen, ta zo gani da ido, ta dace da ranar rabon geron agaji. Alhaji ya sha babbar riga koriya, ya nuna layin mata, kowacce da jakarsa.

"Madam, dubi tarbiyyata! Ko ɗaya babu mai leda."

Madam ta kira wata tsohuwa mai suna Barira, ta ce tana so ta ga cikin jakarta. Barira ta buɗe. Leda biyu ne a ciki, baƙaƙe wuluk.

"Iya, waɗannan fa?"

"'Yar nan, saƙar ba ta riƙe gero, zuba yake. Ɗaya ta tare geron, ɗaya ta hana rinin shiga tuwo." Ta shafa jakar. "Amma kabar mai kyau ce, ta bakin gonata ce. Tun da aka sare ta rairayi ya binne gonar, shi ne na shigo layi."

Alhaji ya cire tabarau, ya mayar, ya sake cirewa. Kalmar Faransancin ma ta ƙi fitowa. Madam ta rufe littafinta, ta shige mota, takardar yabo na cikin jakarta.

Kada a ce ba a yaba masa ba. Motar na tashi, sai ga Mutari mai sayar da leda ya ratso taro, ya kama hannun Alhaji da hannu bibbiyu, idonsa har da ƙwalla.

"Alhaji, Allah ya ƙara basira! Da, mace leda ɗaya take saye. Tun da ka fara yaƙin nan, wallahi kayana ba su taɓa kwana ba."