Yadda Na Ciyar da Gidan Haya Data

Wata uku a jere datar gidana tana ƙarewa kafin sati biyu, kamfani kuma yana cajina kuɗin ƙari. Na yanke hukunci cewa ɓarayi ne. Na je ofishinsu na yi musu wa'azi a kan haƙƙin mutane har maigadi yana gyaɗa kai, sannan na koma wani kamfanin.

Ranar da aka kawo sabon akwatin intanet, mai haɗawa ya ce in zaɓi sabuwar kalmar sirri. Na ce masa shekara ashirin ina sayar da kayan mota a kasuwar Abossey Okai, ba shi zai koya mini wayo ba. Na mayar da tsohuwar kalmata, "bismillah", saboda albarka.

Kwana tara data ta ƙare.

Ina shirin zuwa sabon wa'azi sai ga Hajiya mai sayar da waakye, wato shinkafa da wake, maƙwabciyata a gidan hayarmu na unguwar Nima, ta yi sallama.

Ta ce, "Ɗana, wannan sabon naka ba ya sauri. Jiya ina tsakiyar fim ya tsaya. Duk mutanen gida suna ƙorafi. Ka koma wa tsohon mana."

Na ce, "Hajiya, wa ya ba ku kalmar?"

"Wa zai ba mu? Musulmi da me yake fara abu?"

Ɗaki goma sha ɗaya nake ciyarwa, ni da na je na kira bayin Allah ɓarayi.

Tuni na canza kalmar. Amma har yau in na fito daga masallaci sai wani ya ɗaga waya ya ce, "Alhaji Bismillah, mun gwada alhamdulillahi ta ƙi shiga. Ko ka bar addinin ne?"