Rigar Landan

A unguwarmu Nima "ben-dawun" muke ce wa gwanjo, don sai kin sunkuya ƙasa kike zaɓa. Can na tono wata riga mai ƙyalli, na wanke, na goge, na tafi bikin suna a unguwar Mamobi ina taku ɗaiɗai.

"Yayana ya aiko min daga Landan," na ce wa mata. Har layi suka yi suna shafawa, ni kuwa ina juyi.

Sai ga mai gwanjon da ta sayar min, ashe ƙanwar maijego ce. Ta rungume ni da murna: "Mma, ta zauna miki daram! Ban ce ki ƙara sunkuyawa ba?"

Har yau in na wuce, matan layinmu sai su sunkuya suna lalube a ƙasa: "Mma, Landan muke nema."