Ƙyauren Iya Tabawa

Wani mutum ne a unguwarmu, Tsalha, amma don Allah kar ku ce a bakina kuka ji, don ƙanwarsa ƙawata ce. Baro ya taɓa turawa a wani gini a Abuja. Shi ke nan fa! Ya dawo ya ce kowa ya kira shi Injiniya. In ya fara zuba, kai ka ce shi ya kafa ginshiƙin sama.

To, sai aka yi mana burtsatse, aka ce a gina tankin bulo a dinga tara ruwa. Tun Mai Unguwa bai rufe baki ba, Tsalha ya yi farat ya miƙe.

"Ranka ya daɗe, tanki? Ni da na yi bene mai hawa ashirin? Ido a rufe ma sai in yi shi."

Aka damƙa masa aikin. Bango ya tashi ɓul-ɓul, tanki kamar ɗaki. Saura rufi na siminti. Shi kuma rufin, sai an jera katako ta ciki an tokare, sannan a zuba siminti a kai. Katakon fa? Ai kuɗinsa ya riga ya bi tsire da shayi mai kauri. Sai gogan naka ya tara mutane.

"Jama'a, sabon ilimi ya zo. Yanzu manyan injiniyoyi ba sa sayen katako. Ƙyauren ɗaki ake ara. Siminti na kamawa, kowa ya ɗau abinsa."

Ya fara ciro nasa don a gani. Aka yi ta ɓalle ƙyauraye, ƙwaram, ƙwaram. Ana jerawa, sai aka ga saura ɗaya a cike. Babba kuma ake so. Duk unguwar mai irinsa mutum ɗaya ce: Iya Tabawa, uwar Dije matar Tsalha. Ƙyauren marigayi mijinta ne, ƙato, baƙi wuluk. Bayansa take ɓoye gyaɗarta da ƙuli-ƙulin sayarwa.

Tsalha ya je ya durƙusa, kai a ƙasa. Ita ko kallonsa ba ta yi ba, kun san surukuta. Ta juya wajen kajinta.

"A gaya wa mijin yarinyar nan ya ɗauka. Amma in ƙyaurena bai dawo ba, 'yata ta dawo."

"Haba Iya, da kaina zan maƙala miki shi. Har mai zan shafa masa."

Aka zuba siminti. Ya bar wata 'yar kafa a sama, faifai ma zai rufe ta. Wai don kar yara su faɗa, haka ake yi a ƙasar waje. Aka yi ta sa masa albarka, yana wani hura hanci.

Ana jiran siminti ya bushe, unguwa ta zama abin kallo. Nan an rataya zani, can tabarma. Awaki kuwa sallarsu ta zo. Wata jar akuya har kan gadon liman aka same ta tana tuƙa.

Ranar ciro ƙyauraye kowa ya hallara. Tsalha ya hau saman tanki, ya doka ƙafa, dim, dim.

"Kun ji? Ko giwa ta hau, sai dai ta gaji ta sauka!"

Mai Unguwa ya ce, "Madalla, Injiniya. To, a miƙo ƙyauren Iya tukuna."

Tsalha ya dubi kafar nan. Ya leƙa ciki. Ya sake duban kafar. Ya zagaya tanki, ko zai ga wata ƙofa da ya manta ya yi. Babu. Sai ya ce:

"Ai... ana ɗan karkata shi ne."

Ya sa aka zura wani siriri ciki. Aka karkata. Ƙwas! Aka miƙar. Ƙwas! Aka juya ta gefe. Ƙwas! Ko kusurwar ƙyauren ba ta gama leƙowa ba. Gumi ya karyo wa Injiniya, har ta gemu yake ɗiga.

Ya ce, "To a fasa rufin."

Samari suka yi caa. "Fasa me? Mu muka kwaɓa simintin nan da bayanmu. Taɓa ka gani!"

"To a sa zarto, a fito da su gunduwa-gunduwa."

Wasu suka ce su dai ko itacen girki ne a ba su. Sai Iya Tabawa ta gyara mayafi.

"A gaya wa mijin yarinyar nan, duk wanda ya sa zarto a ƙyauren marigayi, sai dai mu haɗu gaban alƙali. Ke Dije, haɗo kayanki."

Wayyo! Injiniya ya diro, tim. Ya zube a ƙasa.

"Iya, a rufa min asiri. Kome kika ce zan yi. Wallahi kome!"

Iya ta kau da kai, ta ce:

"To a gaya masa, ɗakina ba ya zama a buɗe. Awaki sun gama da gyaɗata. Kafin nawa ya fito, ya zo ya tsaya a madadinsa."

Haka fa aka yi. Washegari ga Tsalha tsaye ƙiƙam a bakin ɗakin suruka, ya ba ɗaki baya don kunya, hannu a ware. Akuya ta doso, ya ce "Kss!" Mai sayen ƙuli-ƙuli ya zo, ya ɗan matsa gefe, a wuce, ya koma. Yana yi yana bayani, wai ba kafar ce ta yi ƙanƙanta ba, ƙyauraye ne suka kumbura da laima.

Can sai ga Mai Unguwa ya zo gaida Iya. Ya dunƙula hannu ya ƙwanƙwasa wa Tsalha ƙirji, ƙwan, ƙwan, ƙwan.

"Salamu alaikum! Iya, a buɗe min ne, ko in tura?"

Daga ciki Iya ta ce, "Tura kawai, Mai Unguwa. Wannan sabon ba ya kulluwa. Ƙara kawai ya iya."