Tutocin Gidan Japan

Ba zan taɓa mantawa da Lahadin da na ciyar da rabin unguwarmu Maamobi a kan gidan da ba namu ba.

Ƙanena Sabi'u, wanda na goya tun rasuwar mahaifiyarmu, yana aikin fenti a wani ƙaramin gari a Japan. Wata rana ya turo mini hoto ba tare da ko kalma ɗaya ba. Ga shi tsaye, yana washe baki a gaban wani sabon gida fes, hawa biyu, da wurin ajiye mota, babu maƙwabcin da ya jingina da bangonsa. Ni da na girma a gidan haya mai ɗaki goma sha huɗu da famfo ɗaya, sai na ji hawaye. Abin da ya ƙarasa ni shi ne tutoci: ja da rawaya, dogaye, an jera su a bakin ƙofa har da balan-balan. A unguwarmu ba a kafa tuta sai ana biki, don haka na yanke hukunci Sabi'u ya tare.

(Eh, na san akwai abin da ake kira tambaya. Ban yi ba.)

Gaskiyar magana, Hajiya Lami ce a raina, maƙwabciyata wadda shekara biyu ke nan tana kashe mana kunne da gidan da ɗanta ya gina a garin Kasoa. Na shiga kasuwar Makola na jido shinkafa da wake, na dafa waakye tukunya uku, na gayyato Malam ya yi addu'a. Hoton kuwa ya zaga tsakar gida hannu zuwa hannu, har gilashin wayar ya yi maiƙo.

Bayan an shafa fatiha, sai rawar kai ta ce in kira mai gida a bidiyo kowa ya gan shi. Na ɗaga wayar sama, na ƙure murya.

"Sabi'u, ga jama'a sun zo taya ka murnar gida!"

Sai ya ce, "Wane gida, Yaya?"

"Mai tutocin mana."

"Ei, Yaya! Ai na sayarwa ne. Nan haka suke yi, in sun gama gini sai su kafa tuta masu saye su shigo su duba. Ni fentin kawai na yi, na ce bari in nuna miki aikina. Mu huɗu ne a ɗakinmu har yanzu."

Tsakar gida ta yi tsit, sai ƙarar cokalin wani da bai fasa ci ba. Na ji kamar in shige tukunya in ja murfi. Hajiya Lami ta karɓi wayar, ta ƙura wa hoton ido, ni kuma na sunkuyar da kai ina jiran abin da na cancanta.

"Fentin ya yi kyau paa," in ji ta. "Sabi'u, in ka zo gida ka yi wa na Kasoa. Shekara biyu ko filasta ba a yi ba."

Dariya ta ɓarke, har da ni. Malam ya ce addu'a ba ta ɓata, ya sake ɗaga hannu ya roƙa wa Sabi'u gida nasa na kansa.

Har yau Hajiya Japan ake kirana, kuma ina amsawa. Sai dai yanzu ko hoton jariri aka turo mini, sai na tambayi na wane ne kafin in ɗora tukunya.